Kason Abuja da Aljihun Jiha: Me Ya Sa Yau a Cika, Gobe a Ƙafe?

Daga 25 ga wata, a kowane babban birnin jiha, waya ba ta barin hannun ma'aikaci. Ko yana kan tabarma bayan sallar isha'i, ko yana cikin a-daidaita-sahu, ko yana tsaka da koyar da yara, da ta yi ƙara sai ya zaro ta ya duba. Tambayar da ke yawo a ofis da majalisa da ƙofar masallaci guda ce: "An yi alat?"

Ba shi kaɗai ke jira ba. Mai shagon ƙofar gida yana da wani littafi mai falle arba'in, bangonsa ya yi baƙi da maiƙo, kowane shafi da sunan gida ɗaya. Kwanon shinkafa, kwalbar mai, sabulun wanki, sukarin shayin yara. Tun daga 10 ga wata ake rubutawa. Ran da albashi ya shiga sai a soke layi, shi kuma mai shago ya hau babur ya nufi kasuwa ya biya dilan da ya ba shi kayan bashi. Mahauci, tela, mai kemis, mai makarantar kuɗi, duk a layin nan suke. Idan albashi ya yi jinkirin sati biyu, kasuwar unguwa takan yi tsit kamar an yi rasuwa.

Alat ɗin da ake jira kuwa ba daga gidan gwamnatin jiha yake tasowa ba. Asalinsa wani zama ne da ake yi sau ɗaya a wata, galibi a Abuja. Abin da ake rabawa a zaman kuma ya rataya ne a kan abubuwan da babu gwamnan da ke da iko da su.

Tukunyar da ake rabawa duk wata

Kwamishinonin kuɗi na jihohi 36 kan zauna da ministan kuɗi da babban akanta na ƙasa a kwamitin rabon arzikin ƙasa, wanda aka fi sani da FAAC. A gabansu akwai abin da aka tara a watan da ya wuce: kuɗin ɗanyen mai da iskar gas, harajin kamfanoni, kuɗin fito na kwastan, da harajin VAT.

Kafin a taɓa komai, ana cire kashi 13 cikin ɗari na kuɗin mai a bai wa jihohin da ake haƙo shi, irin su Delta da Akwa Ibom da Ribas da Bayelsa. Daga abin da ya saura, ban da VAT mai nasa tsarin, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52 da ɗoriya, jihohi 26 da ɗoriya, ƙananan hukumomi 774 su raba 20 da ɗoriya. A tsakanin jihohin kuma, kashi 40 raba-daidai ake yi, 30 bisa yawan jama'a, sauran a duba faɗin ƙasa da buƙatun raya al'umma da ƙoƙarin da jiha ke yi na tara kuɗinta.

Ga jihohi da yawa, musamman a Arewa, wannan kason shi ne uwa shi ne uba. Cikin kowace naira goma da ke shiga baitulmalinsu, bakwai ko takwas daga can suke zuwa.

To amma farashin gangar mai a kasuwar duniya ake yanke shi. Yawan gangar da ake haƙowa ya danganta da zaman lafiyar yankin Neja Delta da ɓarayin da ke fasa bututu. Canjin dala kuwa yana hannun Babban Banki da kasuwa. Abubuwan nan uku suna hawa su sauka yadda suka ga dama. Abin da jiha za ta kashe kuwa ba ya sauka: albashi, fansho, biyan bashi, abincin makarantun kwana, man motocin jami'an tsaro. Kuɗin shiga na rawa, kuɗin fita na tsaye ƙyam. A wannan tsakanin ne duk wahalar take.

Shekarar da tukunyar ta ƙafe

Wanda ya ga 2015 da 2016 ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. A tsakiyar 2014 ana sayar da ganga sama da dala 100. Zuwa Janairun 2016 ta faɗo ƙasa da 30. A shekarar ce kuma aka riƙa kai hare-hare kan bututun mai, haƙowa ta ragu, tattalin arzikin ƙasa ya shiga masassarar da rabonsa da irinta an fi shekara 20.

Shugaba Muhammadu Buhari da bakinsa ya sha faɗin cewa jihohi 27 cikin 36 ba sa iya biyan albashi yadda ya kamata. A Osun manyan ma'aikata suka koma karɓar rabin albashi har sama da shekara biyu. A Kogi da Binuwai aka tara bashin watanni. Sai da gwamnatin tarayya ta sa Babban Banki ya ba jihohi rancen ceto na sama da naira biliyan 300, da wa'adin shekara 20. Aka mayar da bashin da bankuna ke bin wasunsu zuwa takardun lamuni masu dogon zango, daga baya kuma aka sakar musu kuɗin rarar bashin Paris Club.

Na san wani malamin firamare a unguwarmu da a lokacin ya fara fita da babur bayan la'asar yana ɗaukar fasinja, yana sa hular da za ta rufe masa fuska don kada ɗalibansa su gane shi. Mai shagon da ya saba ba shi bashi ba mugu ba ne, amma ya rufe littafi, domin shi ma dila ya rufe masa.

Ba a gama farfaɗowa ba sai ga annobar korona a 2020, mai ya sake faɗuwa, jihohi suka zaftare kasafinsu a tsakiyar shekara. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne 2022. Yaƙin Rasha da Ukraine ya sa ganga ta haura dala 100, amma tallafin fetur ya lanƙwame sama da naira tiriliyan 4, kamfanin mai na ƙasa ya shafe watanni bai zuba komai a asusun tarayya ba, satar ɗanyen mai kuma ta kai har haƙowa ta yi ƙasa da ganga miliyan ɗaya a rana a wasu watanni. Mai ya yi tsada, jihohi ba su gani a ƙasa ba.

Kuɗin cikin gida, ko kason Abuja da ya sake riga?

Duk sanda aka shiga irin wannan matsi, shawarar da ake bai wa gwamnoni ɗaya ce: ku nemi kuɗin shiga na cikin gida. Magana ce mai kyau, amma ya kamata a buɗe jakar a ga abin da ke ciki.

Tsarin mulki ya bar wa tarayya manyan haraji: na kamfanoni, na mai, na fito. Ma'adinan ƙarƙashin ƙasa ma nata ne, har da zinaren Zamfara. Abin da ya rage wa jiha shi ne harajin samun ɗaiɗaikun mutane, lasin ɗin mota da lamba, kuɗin ƙasa da takardun fili, rajistar wuraren kasuwanci, da kuɗaɗen da ma'aikatu ke karɓa. A cikin waɗannan, wanda ya fi kowanne tsoka nesa ba kusa ba shi ne harajin da ake yanka daga albashi tun kafin ya shiga hannun mai shi.

A Legas, masu wannan albashi ma'aikatan bankuna ne da kamfanonin sadarwa da masana'antu da tashar jiragen ruwa. A jihar da babu masana'anta, su wane ne masu albashi? Ma'aikatan jiha, na ƙananan hukumomi, malaman makaranta, sai ma'aikatan tarayya da ke zaune a can: jami'a da asibitin koyarwa. Wato kuɗin da jihar ke kira nata, kaso mai yawa daga ciki kason Abuja ne da aka biya a matsayin albashi, aka yanki wani abu, aka dawo da shi baitulmali da sabon suna.

A nan ne haɗarin yake. Murhu yana tsayawa ne a kan duwatsu uku, idan ɗaya ya goce sauran biyun su ɗan riƙe tukunya. Murhun jihohinmu kuwa duwatsun a kan tudu ɗaya suke. Idan mai ya faɗi, kaso ya ragu, albashi ya tsaya, harajin albashi ya tsaya tare da shi. Ciniki ya mutu, kuɗin rumfa da na tasha su ragu, ba mai sabunta takardun mota, ba mai zuwa biyan kuɗin fili. Komai lokaci ɗaya yake zubewa, daidai lokacin da aka fi buƙatar mai tallabewa.

Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2024 sun nuna jihohi da Abuja sun tara sama da naira tiriliyan 3 da rabi a cikin gida. Legas kaɗai ta tara wajen kashi ɗaya cikin uku na wannan. A ƙasan jadawalin akwai jiha irin Yobe da ta tara kusan biliyan 11 a shekara guda, abin da bai kai biliyan ɗaya a wata ba. Ko albashi ba zai riƙe ba, balle asibiti da hanya.

Ba don mutanen Yobe ba su da dukiya ba ne. Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar shanu ta Potiskum ya san kuɗin da ke sauya hannu a rana ɗaya. Haka Dawanau, haka Kantin Kwari, haka Maigatari da Mai'aduwa. Sai dai dukiya ce da ba ta bi ta takarda: ba takardar albashi, ba littafin ciniki da jami'in haraji zai duba. Masaƙun Kakuri da suka taɓa ɗaukar dubban ma'aikata masu albashin wata sun rufe tun shekarun 2000, da yawa daga cikin masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa sun zama wuraren ajiye kaya. Kowace masana'anta da ta mutu, ta tafi da ɗaruruwan masu biyan haraji.

Daga jangali zuwa jiran kaso

Ba haka muka taso ba. Dattawa suna tuna lokacin da bayan kaka dagaci da mai unguwa kan bi gida-gida da rasit, kowane baligi ya biya haraji, makiyayi ya biya jangali a kan kowane kan saniya. Kuɗin na shiga baitulmalin En'e, daga ciki ake biyan alƙali da ɗan doka da malamin elementare. Gwamnatin Jihar Arewa kuma tana da gyaɗa da auduga da fatu, da rarar da hukumar cinikin amfanin gona ke tarawa. Tsarin mulkin 1963 ya bar wa kowane yanki rabin kuɗin ma'adinan da aka haƙo a ƙasarsa. Da irin wannan ƙarfi na cikin gida aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962.

Ba zan yi wa wancan zamani kwalliyar da ba tasa ba. Karɓar haraji ta zo da zalunci mai yawa: an shanya mutane a rana, an kwashe awakin talaka, wasu sun bar garinsu cikin dare saboda kuɗin da ba su da shi. Shi ya sa da gwamnonin jam'iyyar PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke haraji da jangali a 1979, talakawa suka ɗauke shi a matsayin 'yanci, kuma suna da gaskiya.

Amma abin da ya sa soke harajin ya yiwu shi ne kuɗin mai. Gwamnatocin soja sun riga sun tattara manyan hanyoyin kuɗi a tsakiya, fari da cutar gyaɗa na shekarun 1970 sun rushe dalar gyaɗa, jihohi sun yi ta ƙaruwa daga 12 zuwa 19, har suka kai 36 a 1996. Kowace sabuwar jiha da sakatariyarta da kwamishinoninta, kuma ba a tambayi ko ɗaya da me za ta riƙe kanta ba. An cire tsohon tsari mai cutarwa, ba a sa wani mai adalci a gurbinsa ba. Daga nan igiyar da ke tsakanin mai mulki da aljihun talaka ta tsinke: gwamna ba ya buƙatar kuɗin manomi, manomi kuma ya daina jin cewa kuɗin gwamnati nasa ne da zai bi ba'asi.

Abin da Legas da Kaduna suka gwada

A 1999 Legas na tara kimanin naira miliyan 600 a wata. Da gwamnatin Obasanjo ta riƙe kuɗin ƙananan hukumominta a 2004 saboda rigimar ƙirƙiro sababbi, dole ta sa jihar ta ƙara matsa ƙaimi wajen rajistar masu biyan haraji da karɓar kuɗin gidaje da filaye. Sai dai kwatanta Legas da Jigawa ko Kebbi rashin adalci ne. Tsohon babban birnin ƙasa ce, mai tashar ruwa da hedikwatar kusan kowane banki.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne Kaduna. A 2016 jihar ta haɗa dokokin harajinta wuri guda, ta ba hukuma ɗaya ikon karɓa, ta hana karɓar tsabar kuɗi a hannu, ta sa rajistar filaye a kwamfuta. Abin da take tarawa ya tashi daga ƙasa da biliyan 15 a 2015 zuwa kusan 45 a 2019, ya doshi 60 a 2022. Ba a rasa masu kuka da tsananin da aka yi ba, musamman kan filaye da kasuwanni. Amma an ga cewa wani babban ɓangare na matsalar yoyo ne: jama'a na biya, kuɗin na tsayawa a aljihun mai rasit.

Rigimar VAT

An fara karɓar VAT a 1994 a kan kashi 5 cikin ɗari, ya maye gurbin harajin ciniki da jihohi ke karɓa da kansu. A 2020 aka ɗaga shi zuwa 7 da rabi. Ga jihohi, ya fi kuɗin mai kwanciyar hankali, domin ko mai ya faɗi mutane ba sa daina sa kati a waya ko sayen siminti gaba ɗaya. Shi ya sa duk wanda ya taɓa shi ya taɓo rigima.

A Agustan 2021 wata babbar kotun tarayya a Fatakwal ta yanke cewa jihar Ribas ce ke da ikon karɓar VAT a ƙasarta. Gwamna Nyesom Wike ya sa hannu a doka, Legas ta bi sahu, sai da kotun ɗaukaka ƙara ta ce kowa ya tsaya inda yake. Hujjarsu ita ce su ke tara mafi yawa, a kwashe a raba wa wasu. Wasu a Kudu sukan ƙara da cewa jihohin da ke fasa kwalaben giya suna karɓar kaso daga harajinta.

Amsar da ake bayarwa daga Arewa ita ma tana da nauyi. Mutumin Gashuwa da ya sa kati, ko ɗan Funtuwa da banki ya caje shi, shi ya biya harajin, amma a Legas ake rubuta shi saboda can hedikwatar kamfanin take. Sannan hatsi da tumatir da albasa da dabbobi, abin da Arewa ta fi samarwa, ba a ɗora musu VAT, don haka ba sa bayyana a lissafi.

Rigimar ta dawo da ƙarfi a ƙarshen 2024, da Shugaba Bola Tinubu ya aika wa majalisa ƙudurorin gyaran haraji da kwamitin Taiwo Oyedele ya tsara. A ciki an nemi a raba kashi 60 na kason jihohi bisa inda harajin ya fito. Gwamnonin Arewa da sarakuna suka zauna a Kaduna a watan Oktoba suka ce ba su yarda ba, Gwamna Babagana Zulum na Borno yana cikin waɗanda suka fi ɗaga murya. Bayan watanni ana ja, aka tsaya a kan rabi a raba daidai, 20 bisa yawan jama'a, 30 bisa inda aka yi amfani da kayan. Kason jihohi ya tashi daga 50 zuwa 55, na tarayya ya sauka zuwa 10. Aka sa hannu a Yunin 2025, da sharaɗin fara aiki a Janairun 2026.

Akwai wani sashe na dokar da ba a yi hayaniya a kansa ba, alhali ya shafi aljihun jihohi kai tsaye. An yafe haraji a kan naira dubu 800 na farko na samun mutum a shekara, aka ɗaga na masu samu da yawa har zuwa kashi 25. Ga ƙaramin ma'aikaci wannan sauƙi ne da ya cancanta, ina kuma goyon bayansa. Amma jihar da yawancin masu albashinta ƙananan ma'aikata ne za ta ga harajin albashinta ya yi ƙasa, ba ta kuma da manyan daraktocin kamfanoni da za su cike giɓin.

Kitse ne ko rogo?

Tun da aka cire tallafin fetur a 29 ga Mayun 2023 aka kuma saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, labarin ya juya. Abin da ake rabawa a wata ya tashi daga kusan biliyan 700 zuwa sama da tiriliyan ɗaya, har ya taɓa tiriliyan 2 a wasu watannin 2025. Gwamnoni ba su taɓa ganin naira mai yawan haka ba. Jami'an tarayya na nuni da wannan a matsayin shaidar cewa gyaran ya yi amfani, kuma gaskiya ne bashin albashi ya ragu a wurare da dama, wasu jihohin sun rage bashin da ake bin su a cikin gida.

Sai dai a yi hattara kada a yi wa rogo kallon kitse. Dala da take kusan naira 460 a farashin gwamnati ta koma wajen 1,500 a 2025. Ganga ɗaya da aka sayar, dalarta ba ta ƙaru ba, nairarta ce ta ninka uku. Hauhawar farashi ta kusa kashi 35 a ƙarshen 2024. Siminti, kwalta, dizal, magani, duk abin da gwamnati ke saye ya bi. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga dubu 30 zuwa dubu 70 a Yulin 2024, wannan kuma nauyi ne da ba ya sauka ko da kaso ya sauka.

Ga kuma bashin waje. Jihar da ta ranto dala lokacin tana 300 ko 400, yanzu da farashin yau take biya, kuma tun daga Abuja ake zare kuɗin kafin kason ya iso. A Maris ɗin 2024 Gwamna Uba Sani ya shaida wa jama'ar Kaduna cewa ya gaji bashin waje na dala miliyan 587, kuma daga kusan biliyan 10 na kason watan an zare biliyan 7 don biyan bashi. Jihar da aka yi misali da ita wajen tara kuɗin cikin gida ke nan.

Kasuwar da aka rufe ba ta biyan haraji

Akwai wani abu da masu lissafi a Abuja ba su cika sa shi a ma'auni ba. A Satumbar 2021, don matsa wa 'yan bindiga, Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna suka rufe kasuwannin mako a wurare da yawa, suka hana safarar shanu, aka katse layukan waya. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024. Garuruwa irin Jibiya da Illela da Maigatari, waɗanda numfashinsu ke haɗe da na Maraɗi da Ƙonni da Damagaram, sun ji jiki. Manomin da ya bar gonarsa ya koma gudun hijira ba shi da abin biya, kuma yanzu shi ke buƙatar a kashe masa. Rashin tsaro na cin kuɗin jiha ta baki biyu: yana rage shiga, yana ƙara fita.

Me mai biya ke cewa?

Idan ka ce wa ɗan kasuwa ba ya biyan haraji, zai buɗe durowa ya zazzage maka rasit: na ƙaramar hukuma, na shara, na allon shago, na kwana-kwana, na ƙungiya. Direban da ya ɗauko albasa daga Aliero zuwa Kudu ya san sanduna nawa aka gitta masa. A Kano masu a-daidaita-sahu sun ajiye aiki a 2021 da 2022 kan kuɗaɗen da ake karɓa a hannunsu, garin ya tsaya cak.

Wato ana biya, amma biyan barkatai ne, ya fi faɗa wa mai ƙaramin ƙarfi, kuma kaɗan ke isa baitulmali. Mai rukunin gidaje goma a sabuwar unguwa sau da yawa bai kai mai tura baro biyan kuɗi a shekara ba, alhali harajin gida da fili shi ne wanda ba ya gudu, ba ya kuma bin farashin mai. Abin da ya sa ba a taɓa shi, kowa ya sani: masu gidajen su ne masu faɗa a ji.

Attajiri kuma zai ce maka ya fitar da zakka, ya haƙa rijiyar burtsatse da kuɗinsa, ya sayi janareta, yana biyan 'yan sintiri, to harajin na mene ne? Jami'in haraji zai ce sai an biya za a ga aiki. Ɗan kasuwa ya ce sai ya ga aiki zai biya. A ganina gwamnati ce ya kamata ta fara miƙa hannu, domin ita ke riƙe da kason Abuja da za ta iya nuna gaskiyarta da shi. Shirin da Bankin Duniya ya fara a 2018, na ba jihohi tukuici idan sun wallafa kasafinsu da rahoton odita suka kuma tantance ma'aikata, ya sa takardu da yawa sun fito fili. Saura a ga kasuwar da aka karɓi kuɗin rumfa an zuba mata kwalbati.

Rumbun da ba a bari ya cika ba

Manomi ya san damina ba ta zama ɗaya, shi ya sa yake gina rumbu. Gwamnati ma ta taɓa ginawa. A 2004 aka buɗe asusun rarar mai, inda ake ajiye abin da ya haura farashin da aka yi kasafi a kai. Ya kai wajen dala biliyan 20 a 2008, kuma shi ya tallafi ƙasar lokacin da tattalin arzikin duniya ya girgiza a ƙarshen shekarar.

Gwamnoni suka kai ƙara Kotun Ƙoli, suna cewa sashe na 162 na tsarin mulki ya ce duk abin da ya shigo a raba. Haka suka ja da asusun ajiya na ƙasa da aka kafa a 2011 da dala biliyan ɗaya. Ta fuskar doka suna da abin faɗa, kuma suna zargin tarayya da ɗiba ba da saninsu ba. Amma sakamakon shi ne aka yi ta rabawa ana ci, mai ya faɗi a 2014 rumbu ba shi da nauyi, zuwa 2022 abin da ya rage a asusun rarar bai kai dala miliyan ɗaya ba.

Babu dokar da ta hana jiha ta ware wani abu daga kasonta na watan yalwa ta ajiye don watan ƙunci, ko ta ɗaure kanta da cewa ba za ta ɗora sabon nauyi na dindindin a kan kuɗin da canjin dala ya kawo ba. Abin da ke hanawa shi ne wa'adin shekara huɗu: wanda ya ajiye, wani yake tara wa.

Kasafin tarayya na 2025, wanda jihohi suka ɗora nasu lissafin a kansa, an gina shi ne a kan ganga dala 75 da haƙo sama da ganga miliyan 2 a rana. Mafi yawan shekarar farashin bai kai haka ba, ya fi zama tsakanin 60 da 70, haƙowar ma ba ta kai ba. Abin da ya rufe giɓin a idon jihohi shi ne harajin kamfanoni da VAT da fito da suka kumbura da faɗuwar naira. Albashin dubu 70 kuwa an riga an sa masa hannu, littafin mai shago ma an buɗe sabon shafi da sabon farashi.